Ƙwaryar Bakin Ƙofa

Kakata ba ta iya ba da tatsuniya hannu sake ba. Sai da ƙwarya a cinya da tsinken ƙarfe a cikin wuta. Wutar ma ba don mu ake hura ta ba, don ƙarfen ne, mu dai muna cin arziki.

Sunanta Kande, ita ta haifi babana. Ƙauyenmu yana can bayan Kafur, inda mota ba ta shiga in damina ta yi nisa. Idan an gama cirar auduga, itacenta ya bushe, shi muke tarowa mu zube a tsakar gida bayan an ci tuwo. Baba ya musulunta tun ba a haife ni ba. Ita kuwa ta ce ta tsufa da sake hanya, ta zauna a Bamagujiyarta. Ban taɓa jin sun yi cacar baki a kan haka ba. Yana can gefe yana alwala, tana nan tana ƙona ƙwarya, warin ya cika gidan.

Zane ɗaya take yi kullum, na gidanmu, wanda ta ce a wurin uwar mijinta ta karɓa. Kunya uku irin ta gona zagaye da bakin ƙwarya, sawun zabo a ƙarƙashinsu. Layin sama ba ta haɗe shi. Takan bar ɗan fili kamar faɗin yatsa, ta ce ƙofa ce.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta zaro ƙarfen, ta tofa masa yawu, in ya yi cuu ta ce, "Ya yi zafi, ku matso." Mu ce, "Mun matso."

Akwai wadda na tsana, kuma ita ta fi maimaitawa. Wai a wani gari, in mutum ya mutu ba ya yin nisa. Duk shekara, in an kai hatsi rumbu, matattu sukan dawo ganin gida. To amma ƙasa ta cinye musu idanu, sai yatsu. Saboda haka kowane gida yakan ajiye kunu a bakin ƙofa cikin ƙwarya mai zanen gidan. Mamaci ya lalubo, yatsa ya faɗa cikin zanen da ya sani, ya ce nan ne, ya zauna ya sha, ya sa wa jikoki albarka ya koma.

Ana nan sai wani farke ya shigo da jakuna ɗauke da kwanoni masu ƙyalli. Mutanen garin suka saya, kuma ba da mugun nufi ba. Cewa suka yi, iyayenmu sun fi ƙarfin ƙwarya, bari mu karrama su da sabon abu. Matattu suka zo suka laluba wannan ƙofa, santsi. Suka laluba ta gaba, santsi. Haka suka yi ta zagaye garin da ƙishirwa har suka gaji, suka juya. Ba su ƙara dawowa ba. Daga nan duk yaron da aka haifa ba ya kama da kowa. Ba hancin kaka, ba goshin kawu. Garin yana nan har yau, in ji ta, amma in ka tambaye su su wane ne, sai su kalli juna.

Ni ba na iya yin shiru. Na ce, "To Kaka, su koma yin ƙwaryar mana! Ina wahala a ciki?"

Ta ce, "Ke Lami, uwar gaggawa, wa zai yi? Mai yin ta mutu, tana cikin masu laluben."

"Shi ke nan? Haka ta ƙare?"

"Da so kike a yi biki? Ƙarfe ya huce, ku tashi."

Ina gama sakandare na samu wuri a wani shagon buga takardu a Funtua, na koyi kwamfuta. Katin biki, kalanda, fosta, sitika. Aikin ba wani aiki ba ne. Ka shiga intanet ka kwaso fure, ka kwaso dogayen gine-ginen ƙasar Larabawa, ka watsa ruwan gwal, ka manna hoton amarya. Katin Funtua da na Legas ba ka iya rabewa, kuma ba wanda ya damu.

Ina can 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu. Ba zan tsaya bayani ba, kowa a yankin nan ya san yadda ake yi. Sun ƙone rumbuna, sun ƙone ɗakuna, da ƙoren Kaka duka. Baba ya goyo ta a baya har bakin titi. Muka kama ɗakin haya a Funtua, cikin wani dogon layi da kowace ƙofa irin ta kusa da ita ce.

Lokacin yanar ido ta riga ta rufe wa Kaka gani, hankalin ma ya fara tafiya. Sai ta daina ci, ta daina sha. A miƙa mata kofin roba ta shafa ta ture.

"Ba na sha a gidan mutane. Ku kai ni gida."

Baba ya durƙusa ya ce, "Inna, nan ne gida yanzu. Ni ne Tanko."

"Tanko yana gona. Kai dai bawan Allah na gode, amma ba na sha."

An kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, muka dawo ta koma gidan jiya. Leɓenta ya tsage. Ina kallo tana ƙanƙancewa a kan tabarma.

A cikin kwanakin nan ne ina neman samfur a shago na faɗa kan zane-zanen wata ƙasa wai ita Finland. Ƙaramar ƙasa ce mai sanyi, wadda manyan maƙwabta suka daɗe suna mulka. Na karanta cewa masu zanensu sun ɗauki bishiyoyinsu, da tafkunansu, da namun dajinsu, da labaran da tsofaffinsu suke rerawa, suka zuba a littafi, a yadi, a kan sarki na wasiƙa, har a kofin shayi. Suka yi ta yi har ya zama ko ba a rubuta suna ba, in ka gani ka san nasu ne. Ban ji sha'awa ba, haushi na ji. Mutane suna zana kansu don kada a haɗiye su, ni ina nan ina manna furen da ban taɓa gani a ƙasa ba.

A take na yi zanen ƙwaryar gidanmu a kwamfuta. Ya fito tsaf, ya fi nata miƙewa. Na buga sitika, na manna a kwanon roba, na zuba kunu na kai mata.

Ta shafa. Ta ce, "Santsi." Ta ture.

Na fita waje na yi kuka na masifa, irin wanda ba hawaye sosai sai zafin ƙirji. Washegari na shiga kasuwa na sayo ƙwarya, na samo doguwar ƙusa, na naɗe gindinta da tsumma, na hura gawayi a ƙofar ɗaki. Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a kaina. Na ɗauka zai ce wani abu. Sai ya ja kujera, ya ɗauki mafici ya kama fifita wutar.

Na ƙone yatsu biyu. Kunyoyin suka karkace, sawun zabon ya zama kamar na agwagwa. Amma na bar ƙofar.

Na zuba kunu na sa mata a hannu. Yatsanta ya faɗa cikin layin, ya bi shi a hankali ya zagayo, ya zo kan filin nan ya tsaya. Ta daɗe a haka.

"Wace mai mataccen hannu ce ta yi wannan?"

"Ni ce, Kaka. Lami."

"Uwar gaggawa. Ai na gani." Ta ƙara shafawa. "Amma gidan ne."

Ta kafa kai ta sha.

Ba ta warke ba, kada wani ya ɗauka biki aka yi. Ta ci, ta sha, ta kai farkon damina, ta rasu. An binne ta a Funtua cikin mutanen da ba ta sani ba, don ba mai iya kai gawa ƙauyenmu.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta tsoratarwa ce kawai. Yanzu na ga ba matattu kaɗai ke lalube ba. Mutanen ƙauyenmu sun watse, wasu Malumfashi, wasu Zariya, 'ya'yansu suna tasowa ba su san ko sunan rafinmu ba. Su mutanen Finland sun yi nasu zanen tun tsofaffinsu suna da bakin magana. Mu kuwa abin da ya rage mana ƙwarya ɗaya ce karkatacciya.

Ina salla, na san inda mamaci yake tafiya, ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma bana da aka fara shigo da sabon hatsi kasuwa, na dama kunu na zuba a ƙwaryar na ajiye a bakin ƙofa. Maƙwabciyarmu ta ce, "Lami, wani zai yi ƙwallo da ita fa."

Na ce ta bar ta a nan. Ƙofofin layin nan duk santsi ne.