Sallar da Pak Tatang Ya Kashe Wuta

A duk birnin Bandung babu wanda ya kusanci duniyar wata kamar Pak Tatang Suherlan. Haka ake faɗa a ƙauyensu can Garut, kuma daga bakinsa aka fara ji. Aikinsa dai zama ne a gaban wani ƙaton firji a ɗakin gwajin kamfaninmu.

A cikin firjin akwai baturan litiyam da wasu Turawa ke son saka wa motar da za ta yi yawo a wata. Na'ura tana yi musu caji tana zuƙewa, cikin tsananin sanyi, don a ga iya ƙarkonsu. Sharaɗin ɗaya ne: kada gwajin ya tsaya. Har an shiga shekara ta biyu bai tsaya ba.

Pak Tatang mutum ne mai tsantseni. Tun yana yaro aka koya masa ba a tafiya gida Sallah sai an zare kowane soket an cire tiyon gas, saboda gobara. A shekarar, shi ne na ƙarshen fita. Ya rufe tagogi, hannunsa ya sauke babban makunnin wuta kamar yadda ya saba a gida, ya yi bismilla ya hau bas.

Ranar dawowa aiki muka jeru kamar yadda aka saba bayan Sallah, kowa yana neman gafarar kowa. Bu Euis, shugabar ɗakin, ta yafe masa na fili da na ɓoye. Sannan ta buɗe firjin, ta ji ɗumi.

"Wa ya fita ƙarshe?"

Pak Tatang yana tsaye riƙe da kwalin alewar dodol da ya kawo mana tsaraba.

"Ni ne, Bu. Gobara na ji tsoro."

"Kin riga kin yafe fa, Bu," in ji Kang Yayat mai gyaran na'ura. "Muna da shaidu."

"Rufe mana baki, Yat."

Ta karɓi kwalin, ta yi godiya. Pak Tatang bai ɗago kai ba.

Ba a kore shi ba, ko da yake ya so a ce an kora. Turawan suka kwashe kayansu. Tun daga nan bai sake yin Sallah a gida ba. Shi yake roƙon a bar masa gadi, ya ci ketupat, curin shinkafar Sallah, shi kaɗai a gindin makunnin. A ƙauye matarsa tana cewa aikin wata ne ya riƙe shi.

Baturan da ke firjin yanzu na babur ne.