Sheƙar Hankaka da Gonar Ubana

A Kalfu, in an gama girbi ɗari ya shigo, kakarmu Iya Tabawa takan hura wutar kara a tsakar gida, jikoki su kewaye ta. Ni a shekarar da nake faɗa na wuce zaman tatsuniya, har gashin baki ya fara tsiro. Lokacin jam'iyyu sun yi yawa kamar fara, kowace da tutarta, rumbu kuwa wayam. Samarin Adar ba su da zance sai Abijan. Wanda bai taɓa wuce tashar Tawa ba shi ne zai kwatanta maka teku. Ni ne shugaban waɗannan wawaye. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, amma har na fara gaida jakinmu da Faransanci.

Shirina ɗaya ne: in sayar da gonar da ubana ya bar mini in yi guzuri. Ban gaya wa kowa ba, sai rabin gari.

Ran nan na raɓo wutar, wai jin ɗumi. Iya ba ta dube ni ba. Ta ce wa yara, "Ga ta nan ta iso, mai kunne shi matso, mai gashin baki ma ba a kore shi ba."

Wai hankaka ya ga shamuwa na zuwa kurmi kowace shekara tana dawowa da ƙiba, ya ce shi ma da shi. Ya kwance sheƙarsa tsinke-tsinke ya sayar wa kurciya, ya yi guzuri. Shamuwa ta bar tata bisa gawo ta tashi. Can kurmi hankaka ya tarar bola ce dai irin ta gida, sai dai ta fi wari. Da damina ta kawo kai suka juyo. Shamuwa ta sauka ɗakinta. Hankaka ya yi ta kewaya gari yana kuka, har yau bai daina ba.

Wani yaro ya ce, "Iya, mi ya samo can?"

"Farar riga iya ƙirji. Ita ma ba ta kai mishi baya ba." Sannan ta juyo gare ni. "Maigidana, ka ji ɗumi ko in ƙara kara?"

Yara suka fashe da dariya. Kunya ta sa jaki na sayar, na bar gona.

Damina huɗu ina tura kurar ruwa a Abijan. Na dawo da rediyo da tari, ina taƙama na fi hankaka wayo tunda gonata na nan. Sai maƙwabcinmu ya tare ni a hanya ya ce, "Kai dai ba ka da kunya. Gonar da ta kwana biyu ba shuka, baffanni sukan ce saura ce su raba. Tsohuwar nan ce ke fita da sungumi kowace shekara, tana shuka layi uku tana zama ta huta, don kada a ce babu mai ita."

Ashe an rufe Iya kafin in iso. Geron da na ci a shekarar ita ta shuka shi.

Shi ya sa yau in saurayi ya zo yana hura hanci, wai zai fita waje ya rufa wa gida asiri, ba na yi masa wa'azi. Nakan ce, "Madalla, jarumi. Wace tsohuwa ka ajiye za ta riƙe maka sungumi?"