Furar da ta tsare mana gidan gona

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da Bature ya zo ƙwace gidan kakanninmu.

A lokacin a cikin birni muke zaune, a Ƙofar Rini, amma asalinmu na can bakin fadama: wani ƙaton gidan gona mai soro da zaure, wanda kakan babanmu ya gina. Duk matafiyin da ya ratsa ta nan sai ya sha fura. Da Nasara suka ci gari, tsoro ya koro mu birni, gidan ya zama na jemagu.

Kwatsam sai ga labari, wai Bature ya ce kufai ne, zai mai da shi bariki. Mazan gidanmu, malamai ne fa, suka zauna suna ta "sai haƙuri". Haushi ya cika ni. Ina bazawara a lokacin, bakina kuwa ba ya shiru.

Kakata ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, ɗauko turmi. Gidan da ake daka cikinai ba kufai ba ne."

Muka ɗora gero a jaki, sai gona. Na share zaure, na hura wuta, na yi ta daka har tafin hannuna ya yi kanta. Hayaƙi na tashi, manoma da fatake suka fara leƙowa kamar dā.

Ranar da Baturen ya iso da tafintansa, zaure cike yake, ludayi sai yawo yake yi. Ni kuwa na dama fura a sabuwar ƙwarya na aika masa. Ga rana ta gasa shi, ya yi jawur. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya.

Daga bayan asabari kakata ta ce wa tafinta, "Gaya mishi ya sha furar gidanga, ya zama baƙonmu. A garinsu baƙo na korar mai gida?"

Tafinta ya juya masa maganar. Bature ya dubi ƙwarya, ya dubi jama'a, ya yi wata 'yar dariya, ya hau dokinsa. Can gaba ya gina barikinsa.

Ban sake komawa birni ba. Yanzu jikokina ke daka, ni sai faɗa. Abin da na koya shi ne, ba ƙarfin soro ke tsare gida ba. Ranar da kuka bar murhu ya huce, ku da kanku kuka ba da gidan.