Kada Ka Rubuta Sunanka

Dakta bai ce in zauna ba. Ya zube fom ɗina a kan tebur, ya baje su da tafin hannu kamar mai shanya barkono, sannan ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Malama, wa ya cike waɗannan?"

Na ce, "Direbobin keke, ranka ya daɗe."

"Direbobi ɗari da ashirin, kuma ko ɗaya bai saɓa wa ɗan'uwansa ba? Tambaya ta farko, duk sun yarda ƙwarai. Ta bakwai, duk ba su yarda ba. 'Ya'yana uku ne kacal a gida, amma ko tashar talabijin ba su taɓa haɗuwa a kan guda ba."

Dakta shi ne mai duba aikina na digiri na biyu, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa ya san ba ya wasa. Bincikena a kan yadda ƙungiyoyin 'yan keke mai ƙafa uku ke tafiyar da tashoshinsu ne a Kaduna ta Kudu. Shekara uku ina koyar da darasin kasuwanci a wata sakandare a Nasarawa daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a da Asabar in zama ɗaliba. Ranar nan, wata Talata da yamma bayan na tashi daga aiki, Dakta ya faɗa mini ba kwana-kwana: yana zargin na zauna a ɗaki na cike takardun da kaina. Idan ya kai maganar gaban kwamiti, kora ce, kuma takardar korar sai ta je har ma'aikatar da ta ba ni izinin karatu.

Ya ce, "Ranar Asabar za mu je tashar tare. Takarda ba za ta gamsar da ni ba. Mutum ɗaya nake so, mai baki, ya ce shi ya cike."

Na fito daga ofishinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban ƙirƙiri komai ba, amma kuma ba zan ce hannuna a wanke yake ba.

Ga yadda abin ya faru. Wata biyu kafin nan na je wata tashar keke a Makera da fom cike da jaka, na fara miƙa wa direbobi kai tsaye, yadda littattafan hanyoyin bincike suka koya mana. Ban raba biyar ba aka kewaye ni. Wani ya ce daga ofishin haraji nake, wani ya ce haka aka fara yi wa 'yan acaɓa, aka zo da biro da murmushi. Daga ƙarshe aka tasa ƙeyata zuwa rumfar Ciyaman, domin a tashar nan ko ruwan leda ba ka sayarwa sai da saninsa.

Ciyaman mutum ne mai jiki da fara'a. Ya sa aka kawo mini kujera da lemo mai sanyi, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Madam, ai da nan kika fara zuwa, da ba ki sha rana ba. Bar takardun. Ki dawo jibi." Na dawo jibi na tarar da su a ɗaure da roba, an cike tsaf, ko ɗaya bai lalace ba. Abokan karatuna suna ta kukan an yar musu da fom a kwata, ni kuwa ina tafe ina jin kaina.

Ranar da na karɓo takardun, na fita bakin titi na tsayar da keken da zai kai ni gida. Direban dattijo ne mai furfura, ɗan Kudancin Kaduna, da ƙaramin gicciye yana lilo a jikin madubinsa. Sai da muka yi nisa da tashar ya rage gudu, ya zura hannu ƙarƙashin kujerarsa, ya miƙo mini fom ɗaya a ninke ta kan kafaɗa, bai ko waiwayo ba.

Ya ce, "'Yata, waɗancan na taro ne. Wannan nawa ne."

A hanya ya ba ni labarin. Ciyaman ya tara su a rumfa, sakatare yana karanta tambaya, Ciyaman yana faɗin amsa, kowa yana sa alama a inda aka ce. Haka suke yi da duk abin da ya zo daga waje, tasha ɗaya baki ɗaya. Shi Baban ya bi sahu ya cike nasa, amma ya zare wani fom da ya rage ya tafi da shi gida. Shekaru ya yi yana aiki a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta, ya ce can ya saba idan an tambaye shi ra'ayinsa, nasa yake bayarwa. A bayan takardar ya rubuta yadda ake rabon layi a tashar: wanda yake kusa da rumfa shi ke lodi da safe lokacin da fasinja ke tururuwa, wanda ya yi ƙorafi kuma sai ya wayi gari an ce layinsa ya faɗi, wato ba shi da wurin lodi a tashar.

"Na ga kin rubuta a sama cewa sirri ne, kada mutum ya sa sunansa. Shi ya sa na yarda. Don Allah, kar Ciyaman ya ji."

Na ce, "Baba, ba zai ji ba."

To, na san komai ke nan tun ranar. Na san amsoshin nan ɗari da ashirin bakin mutum ɗaya ne. Amma wa'adin miƙa babi na huɗu ya matso, na gaji, kuma na gaya wa kaina ai direbobin ne suka sa alamar da hannunsu. Na zuba su a kwamfuta haka nan. Fom ɗin Baba kuwa na cusa shi a aljihun jakata, don ban san inda zan sa amsa ɗaya mai gaskiya a cikin wannan tulin ba. Wannan shi ne laifina, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Daga Talata zuwa Asabar na yi ta neman mafita. Na yi tunanin in riga Dakta zuwa tashar in roƙi Ciyaman, amma Dakta ya riga ya toshe wannan: ya ce idan ya ji ƙamshin an shirya masa mutane, magana ta ƙare. Na kwantar wa kaina da hankali da cewa Ciyaman mutumin kirki ne, ya ba ni lemo, zai faɗi yadda aka yi. In ya so a ce aikina bai yi kyau ba, ya fi a ce ni maƙaryaciya ce.

Ranar Asabar da hantsi muka isa a motar Dakta. Tun daga yadda ya faka na san an fara da kuskure, domin a bakin layi ya tsaya, ya tare wa keken da ke lodi hanya. Ya fito da fayil a hammata da katin aiki a wuya. Kafin mu kai rumfar, hirar da ake yi a kan benci ta mutu. Ciyaman ya miƙe ya nuna kujera, Dakta ya ce a bar shi a tsaye, sauri yake yi. Na so in ja rigarsa in ce ya zauna, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya sha ko ruwa ne. Amma wace ni da zan koya wa Dakta gaisuwa.

Ya buɗe fayil ya ɗaga fom ɗaya sama. "Kai ne shugaban nan? Ina so in san su wa suka cike waɗannan takardu."

Na ga lokacin da fara'ar Ciyaman ta ɗauke. Ya dubi katin, ya dubi fayil, ya dubi motar. A idonsa, babban mutum ya zo daga ofis yana neman sunayen waɗanda suka sa hannu a wata takarda, kuma a tasha ba a taɓa jin irin wannan ta ƙare da alheri ba.

Ya ce, "Oga, wace takarda?"

Na ce, "Ciyaman, ni ce fa. Wadda ta zo kwanaki, ka ce in dawo jibi."

Ya kalle ni sama da ƙasa kamar yau ya fara ganina. "Madam, mutane da yawa suna zuwa nan. Ni dai ban san wata takarda ba."

Haushi ya taso mini, na ce, "Haba Ciyaman! A kan wannan kujerar na zauna!" Ya ɗaga kafaɗa. Dakta ya juya wajen direbobin da suka taru, sun kai talatin, ya tambaye su ko akwai wanda ya taɓa ganin fom ɗin. Wani ya duƙa yana duba tayar kekensa. Wani ya ciro waya. Sauran suka zuba wa Ciyaman ido, shi kuma yana kallon titi.

Dakta ya rufe fayil a hankali. Muryarsa ta sauka, kuma na fi tsoronta a haka. "Malama, na ba ki dama ta ƙarshe. Nuna mini mutum ɗaya."

Baba yana nan. Tun isowarmu na hango shi, na huɗu a layi, yana zaune a cikin kekensa da hannu a kan sitiyari. Fom ɗinsa yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata. Shekaruna uku, aikina, sunana a ma'aikata, fuskar mahaifina da ya riga ya gaya wa duk abokansa 'yarsa ta kusa gamawa, duk suna tsaye a kan in ɗaga yatsa. Na damƙe jakar da hannu biyu don kada hannun ya yi abin da ban sa shi ba.

Na ce, "Ban gane kowa ba, ranka ya daɗe."

Na daɗe ina yabon kaina da wannan amsar. Amma tunda na zauna rubuta gaskiya, bari in ƙarasa ta. Ban nuna shi ba, amma na kalle shi. Ina faɗin ban gane kowa ba, idona yana kansa, kuma kallon roƙo ne. Ciyaman kuwa ba yaro ba ne. Ya bi idona har inda ya sauka.

Baba ya ga haka. Ya zare makullin kekensa, ya sauko, ya taho a hankali yana ɗan ɗingishi. Wani ya ce masa, "Baba, koma layinka," bai saurare shi ba. Ya tsaya gaban Dakta ya cire hula.

"Oga, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Ta kawo takarda, mun cike. A nan rumfar, duk tare, abin da aka ce mu sa shi muka sa." Ya nuna ni da hularsa. "Ni sau biyu ma na cike. Na biyun yana wajenta."

Dakta ya miƙo mini hannu, na ciro fom ɗin na ba shi. Ya karanta gaba, ya juya baya ya karanta, kuma Allah ya taimake mu a zuci ya karanta. Ya ninke shi ya sa a aljihun rigarsa. Ciyaman ya yi wata gajeriyar dariya ya ce, "Oh, wannan takardar! Ai da kun yi bayani tun farko." Yana dariyar yana kallon Baba.

Dakta ya ja mota muka fita daga Makera. Sannan ya ce ba zai kai ni gaban kwamiti ba, amma babi na huɗu ya mutu, in sake shi daga tushe, kuma idan na ƙara ɓoye masa abu irin wannan ba zai tsaya tambaya ba. Na ce na gode. Na jingina kaina da gilashi na yi kukan da na riƙe tun Talata.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta na koma tashar da niyyar yi wa Baba godiya. Kekensa ba ya layi. Na tambayi mai sayar da tikiti, ya ce bai san wa nake nufi ba. Na tambayi wani direba da ya ɗauke ni, sai da muka yi nisa ya ce, "Layinsa ya faɗi, Madam." Ya ce an ce yana ɗibar fasinja a bakin hanya wajen Trikania, inda ba shi da tasha, inda kullum sai an kore shi daga wannan kwana zuwa waccan.

Wata biyar na yi ina sake aikin. Na daina zuwa rumfar kowa. Sai in shiga keke a matsayin fasinja, in bari mu yi nisa, sannan in yi tambayoyina. Na bi Nasarawa, Kakuri, Sabon Tasha, na yi ta komawa Trikania fiye da yadda binciken yake buƙata. Duk keken da na tsayar sai na leƙa madubinsa ko zan ga gicciyen nan. Na ga gicciye da yawa, na ga carbi da yawa, ban ga Baba ba.

Na kare aikina gaban malamai, na ci. Dakta har ya ce babi na huɗu shi ne mafi kyau a cikin littafin. Da na zo rubuta shafin godiya na sa Dakta, na sa iyayena, na sa shugabar makarantarmu, har mai shagon da ya buga mini aikin na sa. Sai na ɗauko fom ɗin Baba, wanda Dakta ya mayar mini, don in kwafi sunansa. Na duba gaba, na duba baya. Babu abin da ke wurin sunan sai layin da ni na rubuta da manyan baƙaƙe a saman takardar: sirri ne, kada ka rubuta sunanka. Shi ya riƙe nasa ɓangaren na alkawarin.