Matacin Mai da Baba Ya Ɗaura wa Motarsa

Wata Alhamis ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji uku, yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba. Alhamis ba ma zuwa lekol, wato makarantar boko, don haka ina tsugune a ƙofar gidanmu da ke Zangon Sokodé ina wanke ƙoren kokon Inna, Baba kuma ya buɗe gaban motarsa a gindin mangwaro. Tsohuwar kamiyo ce, babbar motar kaya, da ita yake kai goro arewa, ya sauko da wake da albasa da man kaɗe. A kan tabarma an ajiye abubuwa biyu da maƙwabcinmu Kawu Idi maƙeri ya tsinto cikin tarkacen motocin soja a bayan unguwar Komah. Duka biyun matatan mai ne, waɗanda ake ɗaurawa a tsakiyar bututu, tsakanin tanki da kafireta, don su tare dauɗa. Ɗaya gwangwani ne rufaffe. Ɗayan kuwa ƙarfe ne daga sama, da 'yar ragar tagulla a ciki, da kwalba kamar finjalin shayi a rataye ƙasa.

Fetur na wancan zamani a duro yake zuwa, kuma babu duron da ba shi da tsatsa da ruwa a gindinsa. Duk sanda Baba zai zuba, sai ya cusa wata tsohuwar hular ulu a cikin mazurari, ya tace man ta cikinta a hankali. Ni ce mai riƙe mazurarin, hannuna ya yini yana wari, har Inna ta hana ni taɓa ƙullun ƙosai. Baba yakan ce, "Mota ba ta mutuwa haka kawai, abin da ta sha ne." Ya gaji da aikin hular nan, shi ya sa ya nemi mataci.

Kawu Idi gwangwanin yake so, wai kwalba ba za ta jure duwatsun hanyar Bafilo ba. Baba ya ɗaga kwalbar ya duba ta a rana.

"Idi, kai dai tsaya wajen lauje da fartanya. Abin da ba na ganin cikinsa ban yarda da shi ba."

"To, direban Gwamna," in ji Kawu Idi, "sai ka sa in yanka wa tankin ma taga."

Suka yi dariya, suka kama aiki. Kawu Idi ya yanke bututun tagulla da ƙaramin zarto, ya buɗa bakunansa, ya yanko zoben fata aka sa a wuyan kwalbar don kada ta yi yoyo. Suka gwada matacin ta wannan fuska, bututun ya gaza kaɗan. Suka juya shi, ya zauna daidai, suka ɗaure. A lokacin nan ne na kawo musu ruwan sha, idona ya faɗa kan wata 'yar kibiya da aka zana a jikin ƙarfen, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. A lekol malaminmu yakan zana irinta a gefen kogin Mono a kan taswira, don ya nuna inda ruwa ya nufa. Wannan kibiyar tanki take kallo. Ni kuwa na san mai daga tanki yake tasowa ya tafi inji.

Na tsaya da ƙwarya a hannu. A gidanmu yarinya ba ta sa baki in maza suna aiki, ni kuma ko a aji, in na san amsa, allona nake kallo har a tambayi wani. Ga shi ni kaɗai ce mace mai zuwa lekol a layinmu, matan unguwa sun sha ce wa Inna, "Ki jira, za ta fara gyara muku magana." Na ce a raina wataƙila tambarin maƙeran Turawa ne. Baba ya juya hannun tayarwa, inji ya kama, mai ya cika kwalbar garau. Ranar ya rataye hular ulu a ƙusa cikin zaure, ni kuma na tafi wasan carafke da ƙawayena.

Bayan kwana tara wani mai safarar shanu ya sauka a Zango da saƙo. Mahaifin Inna, wanda muke ce wa Tsoho, yana kwance a Korbongou, wani gari na manoma gaba da Dapaong, inda ya daɗe yana noman gero da koyar da karatu. Ya daina cin abinci, sunan Inna kawai yake kira. Shekara shida rabonta da shi. Ba ta yi kuka ba, ta kashe wutar koko, ta ƙulle goro da sabulu da wani farin zane, ta ce wa Baba, "Malam, ka kai ni in same shi da rai." Tafiyar kwana biyu ce idan hanya ta yi kyau. Muka tashi da asuba, ina zaune a gaba tsakaninsu.

A Kara Baba ya sayi mai, na gindin duro ne, ya zuba kai tsaye ba hula. Mun wuce Kandé kaɗan motar ta fara tari, ta ja, ta sake, ta mutu a kan tudu. Abu na farko da ya duba kwalbar nan ce. Tas take, ko ɗigon dauɗa babu. Ya ce, "Ba daga nan ba ne." Ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa, ya kwance kafireta gunduwa-gunduwa, ya hura kowace ƙofa da bakinsa, ya mayar. Motar ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa. Sau huɗu yana yin haka a yinin nan. Leɓɓansa suka yi fari saboda fetur. Inna tana zaune a inuwar kaɗanya da ƙullinta a cinya, ba ta kallon motar, arewa take kallo. Duk sanda Baba ya sunkuya wajen kwalbar sai in buɗe baki, in ga fuskarsa, in rufe. Yanzu kuma wani tsoron ya ƙaru, domin in na faɗa za a tambaye ni abin da ya hana ni faɗa tun farko. Muka kwana a wani ƙauyen bakin hanya, ko Mango ba mu kai ba.

Kwana na biyu haka ya tafi, tafiya kaɗan, tsayuwa mai tsawo. Da safiyar na uku, gaba da Mango, motar ta mutu a tsakiyar fili, manoma suna ta shuka a hagu da dama. Inna ta sauka, ta ɗora ƙullinta a ka, ta kama hanya da ƙafa. Ganin bayanta ne ya buɗe mini baki. Na ja gefen rigar Baba na nuna masa kibiyar, na gaya masa yadda take a taswira.

Ya daɗe yana kallon kibiyar. Sannan ya kwance matacin, ya cire kwalbar, ya zaro ragar. Samanta ya toshe da jar tsatsa kamar garin taba. Da yake man ta baya yake shiga, dauɗar ba ta faɗawa cikin kwalba, a kan ragar take taruwa, inda ido ba ya kaiwa. Ya wanke ta, ya juya matacin, ya lanƙwasa bututun a gwiwarsa har ya kai. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, tun yaushe kika gani?"

"Tun ranar da aka ɗaura."

Ya goge hannunsa, ya tayar da motar, muka ɗauki Inna a gaba. Daga nan har Dapaong ba ta sake tari ba.

Da la'asar muka shiga Korbongou. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gidan Tsoho, maza zaune, takalma jere. Da hantsin ranar aka kai shi makwancinsa. Ƙanwar Inna ta fito ta rungume ta, tana cewa, "Yaya, jiya har faɗuwar rana yana tambaya ko an ji ƙarar mota." Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta kwance ƙullin, ta miƙa goron aka kai wa masu zaman makoki. Farin zanen ta mayar ta naɗe.

Baba bai taɓa gaya wa Inna abin da ya faru ba. Duk wanda ya tambaya, cewa yake, "Ni na ɗaura shi a juye." Bayan mun koma Sokodé, in zai taɓa injin sai ya kira ni ya ce in tsaya in duba, ko da akwai maza a wurin, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Yau hanyar tana da kwalta, mutum ya karya kumallo a Sokodé ya yi azahar a Dapaong. Matatan roba suna rataye a kowane shagon bakanike, a cire tsoho a sa sabo kafin ka gama gaisawa. Jikokina mata suna katse maganar ubansu a tsakiya, wani lokaci har raina ya ɓaci, amma ba na tsawata musu. Inna ta yi shekaru masu yawa bayan tafiyar nan, ni na yi jinyarta, muka sha zama mu biyu a ɗaki ɗaya. Ba ta taɓa tambayar abin da ya makarar da mu ba, ni kuma har ta rasu ban samu bakin gaya mata ba.