Butar da na ajiye a jirgin ruwa

Ni na kashe mijina, ko kwanansa ne ya ƙare? Har yau ban sani ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta min wannan a ɗakina na unguwar Ruwais, nan ƙasar Larabawa, ni ban san baƙi ba, kuka ma ba ya barina in faɗa a jere.

Aikinsa kula da jirgin ruwan shaƙatawa na kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan. Ban-ɗakin jirgin tanki gare shi a ƙasa, nan ƙazanta ke taruwa sai an zo an zuƙe. In bututu ya toshe, shi ke sauka ramin. Yakan dawo gida yana tari, idanu jawur.

Ya daɗe yana roƙo kafin kafili ya yarda aka sa busasshen ban-ɗaki. Shi babu tanki. Garin ɓawon kwakwa ake zubawa a juya, ƙazantar ta bushe ta zama taki. Tarinsa ya lafa, har ya fara ƙiba.

Wata Juma'a iyalin kafili da baƙinsu za su fita teku, aka ce in bi su in yi girki. Na leƙa ban-ɗakin, ba ruwa, sai takarda. Na ce subhanallahi, da me Musulmi zai yi tsarki? Na cika buta na ajiye. Ta ƙare na sake cikawa, har sau biyar. Mijina yana can wurin inji, bai gani ba. Ba wanda ya gaya min ruwa ke lalata abin. Kafin la'asar takin ya dame, wari ya cika jirgi, matar kafili na ta amai.

"Halas!" in ji kafili. "Shi ke nan. Yalla, maza a maido da tanki."

Mijina ya yi ta ba shi haƙuri, bai saurara ba. Mijina ya zaci baƙin ne suka kai ruwan. Ni kuwa tsoro ya rufe min baki.

Wata biyu da maido tankin, bututu ya toshe. Ya sauka, iskar ramin ta buge shi, aka jawo shi a sume. Kwanansa huɗu a asibiti. Ran na huɗun ya buɗe ido, na kama hannunsa.

"Alhaji, ni na ajiye butar nan. Don girman Allah ka yafe min."

Ya dube ni. Ban sani ba ko ya gane abin da na ce. Na maimaita, na sake maimaitawa. Sai leɓensa ya motsa, na sunkuya.

"Hajiya, buɗe min taga. Numfashi ya ƙi."