Gangaren Uke da Motocin Gidanmu Biyu

Maigidana da yayana ba su taɓa shiri ba, amma sai da kowannensu ya sayi a-kori-kura mai shan dizal sannan ƙiyayyar ta fito fili. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, Abuja ko'ina gini ake yi. Yaya ɗan kwangila ne, ya sayo wata ƙatuwa baƙa mai rurin tsiya. Maigidana kuwa ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ya sayi ƙarama fara, wadda aka riga aka hau, don zuwa gonarmu a Uke.

Duk Lahadi Yaya yakan zo cin tuwo, kuma duk Lahadi sai an yi.

"Wannan abar taka ko akuya ba za ta ja ba," in ji Yaya.

"Alhaji, ni in na cika tanki sai in yi mako ina zuwa ofis, in je Uke in dawo. Taka fa? Kafin ka kai Zuba ta fara neman gidan mai."

Gaskiya kowa ya faɗa, shi ya sa abin yake musu zafi. Na sha shiga ta Yaya, ina kallon allurar mai tana sauka kamar tankin ya huje. Tamu kuma in aka loda mata doya buhu goma sai ta riƙa nishi.

Wata damina maigidana ya sayi babban tankin ruwa da injin ban-ruwa, aka ɗaure su a kan ƙaramar tirela. Yaya ya ce a bari ya ja masa. Maigidana ya ce Allah ya kiyaye.

Ranar Asabar muka tafi, ina gaba. A kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka hanyar gona, akwai wani gangare da ake hawowa bayan rafi, an kwana ana ruwa. A tsakiyarsa motar ta tsaya. Maigidana ya sa giya ta ɗaya, ya taka, tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya, tirelar tana janyo mu baya. Sai warin kuloci ya cika motar.

Dattijon da ke kula mana da gonar ya iso da fartanya a kafaɗa, ya zagaya motar. "Oga, motan nan ya gaji. Kaya ya fi shi ƙarfi."

Awa biyu suna cusa duwatsu a ƙarƙashin taya. Ni kuwa na koma gindin wata bishiya na kira Yaya a waya, ban gaya wa kowa ba.

Ya iso da la'asar cikin farar shadda. Bai yi sallama ba. Ya ɗaura sarƙa, ya haye da motar da tirelar gaba ɗaya, ko canza murya injinsa bai yi ba. Da aka sauke kayan, haka ya ja mu har cikin gari, a hankali, yana danna oda a duk inda mutane suka taru. A Mararaba ya tsaya shan mai, ya leƙo ta tagarmu.

"Ka ga yau ko ɗigo ba ka ƙona ba. Ka ci gasar."

Sai da muka shiga gida maigidana ya juyo gare ni. "Wa ya kira shi?"

Na ce ni ce.

Wata guda bai ci abincina ba, a ofis yake ci. Ya gyara motar, ya ci gaba da hawanta shekara bakwai, bai ƙara ɗaura mata tirela ba. Injin ban-ruwan ma ba a taɓa tayar da shi ba, a rumfar gona ya yi tsatsa. Da na haifi autarmu, Yaya ya aiko direbansa da rago, maigidana ya sa aka mayar masa da shi a ranar.